Shan Ruwa a Sama

Bayan la'asar muka isa Ancol,
ni da Wulan da ƙaninta Bagas,
da kakarsu Sumarni mai ciwon gwiwa,
ta rungumo kular ayaba da madarar kwakwa
kamar jaririn da aka ba ta amana.

Rumfunan suya duk sun saki labule,
sai ƙamshi ke satar fita.
Yau Wulan ke kai azuminta na fari.
Leɓe ya bushe, amma ido na kan lilon ƙarfe
mai juyawa kamar tayar keken aljanu.

"Zagaye ɗaya," na ce, "mu sauko kafin kira."
Kaka ta samu benci, ta miƙe ƙafa.

Mun kai ƙololuwa ke nan aka ɗauke wuta.
Teku ya yi jawur.
Fitilun Jakarta na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya,
sai gangar masallaci ta buga,
wani ladan ya ɗauka, wani ya karɓa daga nesa.

Na lalube aljihu: tikiti, makulli,
da alawar na'a-na'a guda, har ta fara narkewa.
Na fasa ta da haƙori gida uku.
Bagas, da ya sha ruwansa tun azahar,
ya dubi kasonsa, ya dubi yayarsa,
ya danƙa mata a tafin hannu
yana kallon wani wajen.

Can ƙasa, mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa,
kaka na ɗago mana kular sama.
Har yanzu ba ta buɗe ba.