Cokali Nawa?

Shekara talatin ina dama koko a bakin titin Nima,
kafin ladan ya gyara murya wutata ta kama.
Citta, kanumfari, barkono kaɗan,
sukari kuwa ba na awo, hannuna ya san hanya.
Direbobin tarotaro suka raɗa mini suna: Sirina Mai Ƙari.

Sai ƙishi ya zo, irin wanda randa ba ta kashewa.
Dare guda na fita bayan gida sau bakwai.
Zanen da ke matse ni ya koma yana zamewa.
A asibitin Mamobi, Sista Dede ta soki yatsana,
ta dubi na'ura, ta dube ni,
ta ce: Uwa, zauna tukuna.

Yanzu ɗigon jini ɗaya ke ba da shaida a kaina,
shaidar da ba ta karɓar toshiya, ba ta jin lallashi.
Jikana Mutala ya ja layi a tsohon littafin lissafi:
nan abin da Kaka ta ci,
nan abin da na'ura ta ce.

Talata, burodi mai zaƙi da shayi mai kauri: sha huɗu.
Laraba, jiƙaƙƙen gari da gyaɗa: sha biyar.
Na rantse ban sa sukari ba!
Sista ta yi dariya: ai rogo ma, in ya shiga ciki,
tuɓe riga yake, ya fito a sukari.
Na ce to zuma fa, ba magani ba ce?
Ta ce zuma ce a baki, a jini ƙanwarsa ce.

Alhamis, tuwon zafi, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannuna,
miyar ayoyo ta shanye kanta, ga busasshen kifi,
sannan na taka da ƙafa zuwa kasuwa na dawo:
takwas.
Ranar Mutala ya zana tauraro a gefen shafi.

Azara mai waake, ƙawata tun muna 'yan tallan goro,
ta koyi zuba mini wake ya fi shinkafa yawa,
ta ture taliya da gari, ta ɗora ƙwai da ganye,
tana mita: wannan kwano na marasa lafiya ne ko na masu rowa?
Ranar suna a gidan Alhaji Bukari kuwa
kwalbar lemo mai sanyi ta yi ta zufa a gabana,
ni ma ina yi.
Na sha rabi. Kada ku tambaye ni lambar.

Tsoro ya taɓa sa ni wauta.
Na haɗiyi ƙwayar safe, na ƙi cin komai,
wai in ga ta inda sukari zai shigo.
Kafin azahar ludayi ya faɗi daga hannuna,
gwiwa ta saki, gumi ya keto, titi ya fara juyawa.
Uku, in ji na'ura.
Kun san abin da Azara ta cusa mini a baki?
Sukari. Ƙwaya uku, daga gwangwanina.
Wanda na ɗauka maƙiyi, shi ya kamo ni a bakin rami.
Ashe ba gaba ce tsakaninmu ba,
awo ne ya ɓace.

Har gobe ina dama koko.
Nawa kofin ƙarami ne, babu zaƙi, da ƙosai biyu,
harshena ya fara jin cittar da sukari ya daɗe yana rufewa.
In direba ya miƙo kwano ya ce, Sirina, ƙari,
sai in riƙe cokali a sama,
in dubi cikinsa, in dubi idonsa,
in ce: ɗana, cokali nawa?
Faɗa da bakinka. Ni hannuna ya tuba.