Allon da Ba Shi da Saiwa

Kogin Shari ya shigo Balanguwa daren Laraba,
bai yi sallama ba, bai tuɓe takalmi ba.
Da safe muka same shi a aji uku,
zaune kan benci, yana lasar taswirar Kamaru.

Takardar Marwa ta ce a dakata, umarni na tafe.
Madam Falmata ta ninke ta gida huɗu,
ta tokare ƙafar teburin da ke rawa.
Ta ce, "Malam Barau, allon nan saiwa gare shi?"

Ba shi da ita. Ƙusa huɗu ce kawai.
Ni da mai gadi muka ɗauko shi a ka,
lissafin jiya na ɗiga mana a wuya.

Rumfar bandar Alhaji Tanko ta zama lakwal.
Tarwaɗa ta koya wa yara sau:
kwali shida, kowanne arba'in, nawa ke nan?
Har yau in ka buɗe littafin Gambo
sai kyanwa ta matso.

Ƙarfen da muke bugawa ya nutse,
muka ari kiran azahar,
don safiya ta koma ta taru da ƙugiya.
Malamin aji biyar ya maƙale a Kusiri,
Zenabu, mai shekara sha uku, ta karɓi alli.
Hannunta na rawa ranar farko. Ranar farko kawai.

Ba duka ne ya yi ba.
Darasin cikin kwalekwale ya ci mana kwalin alli,
ya bar ni da mura ta mako biyu.
Yara bakwai sun bi iyayensu bayan kifi.
Muna ba direban jirgin Darak aikin gida a leda,
huɗu na maido da amsa.
Ukun ina kiran sunansu dai kullum,
in ɗan saurara, in wuce.

A Janairu sufeto ya iso kan babur
da umarni mai hatimi biyu:
a rufe makaranta har ruwa ya janye.
Ruwan ya janye tun wata guda.
Madam ta ba shi shayi, ta sa hannu.

Mun koma ginin siminti.
Mai gadi ya kawo guduma da ƙusa,
ta girgiza kai, ta miƙo igiya.
"Ɗaura shi, Malam.
Ɗaurin zarge, wanda yaro ma zai kwance."