Hawa na Goma Sha Huɗu

A aji, Dakta Galbraith ta zana mana talauci a allo,
layi mai gangara, da lambobi a gindinsa.
Na kwafe shi tsaf. Na ci jarrabawa a kansa.

Zango na biyu aka tura ni gabashin Glasgow
in koyi aiki a ƙungiyar 'yan haya,
da jakar takardu, da takalmi mai shan ruwa.
Lif ya mutu tun Litinin.
Matakala ɗari biyu da tara. Na ƙirga,
don in ban ƙirga ba zan zauna.

Ishbel Rennie ta buɗe ƙofa, sarƙa na maƙale.
"Ke ce ta huɗu," in ji ta. "Na ukun ma yana da kirki."
Ta ja kabad gefe, ta nuna mini bango:
fumfuna baƙa ƙirin ta yi rassa har silin.
Jikanta Euan na tari a ɗaya ɗakin,
irin tarin da kan tsaya ya huta, ya dawo.

Na zaro fom, na shiga karanto mata
sashe kaza, haƙƙi kaza, wa'adin hukuma kwana kaza.
Ta bar ni na kai aya.
Sannan ta sauko da gwangwanin biskit daga kan firij:
wasiƙu talatin da ɗaya, shekara shida,
kowacce da ranarta, da sunan wanda ya ce zai zo.
Dokar da na haddace daren jiya,
ta san ta tun ina sakandare.
Wa zai koya wa mai ɗaki inda ke masa yoyo?

"To me zan yi miki?" Bakina ne ya suɓuce.
"Kina da ƙafa," ta ce. "Ƙofa tamanin ce a gidan nan,
kowa na zaton bangonsa ne kaɗai."

Mako uku ina ƙwanƙwasawa.
Wani ya zaci kuɗin wuta na zo karɓa.
Wata ta ba ni shayi har kofi biyu, ta ƙi sa hannu.
Wani kare ya koro ni daga hawa na tara zuwa na shida.

Ranar zaman majalisar gari
mu goma sha bakwai ne, ba tamanin ba.
Jawabin da na rubuta, shafi biyu, bai bar aljihuna ba.
Ishbel ce ta miƙe, ta dire gwangwanin a tebur,
ƙarar murfinsa ta sa magatakarda ɗago kai.

Sun ce za su turo mai dubawa. Sun yanka rana.
Ta rubuta sunansa a bayan ambulan ta talatin da biyu.

Abokan karatuna na cike takardun neman aiki,
wannan ma'aikatar gidaje, waccan ofishin bincike.
Ni rahotona na gabana, da gurbin da aka ce sakamako,
na daɗe ina kallonsa, biro a baki.
Lif ya tashi Alhamis, ya sake mutuwa Asabar.
Gobe akwai ƙofa goma sha ɗaya
da ba a buɗe mini ba tukuna.