Kar Ki Wanke Rigar Nan, Umma

Umma, don Allah aje bokitin,
rigar nan kar ta ga omo, kar ta ga ruwa.
Yau muka yar da biro, mun yi kandi,
'yan ajinmu suka bi ta da tawada gaba da baya.
Ba datti ba ne, bankwana ne.

Dubi kafaɗa, hannun Tasi'u ke nan,
kamar kaza ta yi tono a juji.
Shekara shida bai taɓa riga ƙararrawa isowa ba,
gwiwarsa ta san kowace tsakuwa ta bakin ƙofa.
Mun yanke masa: jirgin sama zai tuƙa.
Alhazai su cika fili tun asuba da jakunkuna,
shi kuwa yana Gwammaja
yana cigiyar takalminsa ƙafa ɗaya.

Ƙasan aljihu, nan Dayyabu ya sa hannu,
ya ƙara da, "Ina bin ka ɗari biyu."
Wanda ya sayar mana da alewar madara ana tsakar Fizis,
ya ba da hayar rula ranar jarrabawa.
Ina hango shi a Kwari, shago hawa uku,
tumbi ya riga shi fitowa daga mota.
Ka ce masa ina kwana,
ya rubuta a littafin bashi.

Mudassiru na bencin baya
ya fara sunansa, barci ya sace shi a harafi na huɗu.
Likitan tiyata muka ba shi a Asibitin Murtala,
mai sa majinyata barci.
Ba sai an ɓarnatar da allura ba,
hamma ɗaya zai yi.

Wannan jan rubutun na Uchenna ne, ɗan Sabon Gari,
wanda ya kayar da mu a darasin Hausa,
mu 'yan cikin badala muna kallo.
Ya ce, "Tafiya mabuɗin ilimi,
amma ka biya mai adaidaita."
Wata rana za ki murɗa rediyo da ƙarfe bakwai,
ki ji shi yana gyara wa Kanawa karin magana.

Monita Zaharaddini, sarkin rubuta masu surutu,
shi ne ya rubuta, "Na yafe muku."
Ji ƙarfin hali! Wa ya ci bulala, wa yake yafiya?
Rigar Karota na jiran sa a shataletalen Ɗangi,
ranar da ya tare ni zan tuna masa
wanda ya ba shi amsar lamba ta tara.

Ni kuma?
Sun haɗa baki wai nan zan dawo,
alli a gemu, rajista a hammata,
yara su raɗa min suna a ɓoye
yadda na raɗa wa Malam Hudu "Nemo X".
Na ce ba amin ba. Suka shafa.

Saura guda, juya wuyan rigar ciki.
Munzali ne, da ba a jin muryarsa sai a kiran suna.
Mun rasa aikin da za mu ba shi,
don ba mu taɓa tambayar me yake so ba.
Tun aji ɗaya muke raba gurasa a gindin darbejiya,
ni mai yaji, shi mai ƙuli.
Jibi za su tashi, an mayar da babansa Gusau.
Kalma uku ya bari:
"Rabinka na nan."

Mun fito da ihu har titi,
wani na kiɗa da kwalin lissafi,
sai kuma muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa,
kowa na jira wani ya fara tafiya.
Baba Maigadi, da ya shekara shida yana kora mu ciki,
yau sandarsa waje take nunawa:
"Ku tafi mana, ja'irai, zan rufe."
Bai rufe ba sai da muka sha kwana.

To Umma, sa min ita a ƙasan akwati.
In na yi furfura, in Tasi'u ya iso a kan lokaci,
zan ciro ta in duba
wa muka canka, wa ya ba mu kunya.
Ɗari biyun Dayyabu kuwa ba zan biya ba,
don ya riƙa nema na.