Ni da Buhunan Riɗi

Ranar Laraba na sauka a Gumel,
jaka ɗaya, tabarma, takardar kama aiki a aljihu.
Sabon malamin gona ne ni,
albashi kuwa sai wata ya mutu, in ya ga dama.

Mai shayin tasha ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "In ɗaki kake nema, nemi Ubale."
Ubale dillali, kekensa ba birki,
da ƙafa yake tsayawa, bakinsa ko ba ya tsayawa.
Kafin mu ɗaga ya miƙo hannu:
kuɗin ganin ɗaki daban, la'ada daban,
na ruwan sanyi kuma ai ba sai an faɗa ba.

Ɗakin farko yana jikin injin niƙa.
Bango na karkarwa tun asuba,
garin dawa na sauka a kafaɗa.
Ubale ya ce, "Malam, ka huta da sayen agogo."

Na biyu, kwanon rufinsa ya zama rariya.
Na ɗaga kai na ƙirga taurari bakwai da rana tsaka.
Mai gidan ya ce ai damina ta wuce.
Na ce, in ta dawo fa?
Ya ce, "Allah Ya kai mu tukuna."

Na uku ya yi mini.
Daɓen siminti, taga biyu,
rijiya a tsakar gida, darbejiya a ƙofa.
Zuciyata ta riga ni shimfiɗa tabarma.
Sai Alhaji Ilu ya gyara hula:
"Kana da iyali?"
Na ce da saura.
Ya ce shi ba ya ajiye tuzuru,
ko da zai ajiye, kuɗin shekara biyu ne a dunƙule.
Na yi lissafi a tafin hannu,
albashin wata biyar, ban ci ba, ban sha ba.

Kwana tara ina barandar ofis,
sauro na karɓar hayarsa kowane dare, ba ya ɗaga ƙafa.
A nan na gane da wa nake takara.
Kaka ta yi, riɗi ya shigo gari,
duk ɗakin da ke da ƙyaure da kwaɗo
fataken Maigatari sun kama wa buhuna.
Buhu ba ya kunna rediyo,
ba ya jan ruwa, ba ya baƙi,
ba ya cewa a yi masa haƙuri sai ƙarshen wata.
Ni da aka turo in koyar da noman riɗi,
riɗi ne ya hana ni wurin sa haƙarƙari.

Iya Tabawa mai ƙosai ce ta ji ƙorafina
tana juya mai da tsinke, ba ta ko kalle ni ba.
Ta ce, "Soron gidana da buhu ashirin na ɗana.
Ɓeraye sun ishe ni, yaran unguwa sun fara leƙe.
Ɗauki rabin ɗakin, ka biya rabin kuɗi,
ka zame mini ido."
Ban nemi ragi ba.
Ubale, da bai san an yi ba,
ya zo da yamma karɓar la'ada.

Yanzu ina kwana tsakanin bango da buhu,
rigata ta aiki na ƙamshin kantu.
Na bugo wa Inna na ce na samu wuri,
maƙwabtana masu nauyi ne, ba su da hayaniya.

Sai dai farashi ya fara motsi.
Kowace Alhamis a-kori-kura na tsayawa a ƙofa,
a ɗauki biyu, a ɗauki uku.
Ɗakina na ƙara faɗi,
har na samu inda zan ajiye risho da bokiti.
Jiya da dare na haska tocila na ƙirga:
saura shida.
Ran da na ƙarshe ya fita, ɗaki ya zama nawa duka,
haya ma ta zama tawa duka.
Na daɗe ina kallon buhunan nan shida,
ni malamin gona,
ina roƙon kada kasuwa ta yi kyau da wuri.