Ɗan Faifan Ulu

Daren Laraba labari ya iske ni:
gobe Baba Nomau zai ajiye alƙalami.
Shekara talatin da ɗaya yana rubuta haihuwa
a rajistar likitarmu ta Bagalam.
Rabin unguwar nan, hannunsa ne ya shigar da su takarda.

Wata ya yi nisa, albashi bai leƙo ba.
Na zazzage jaka bisa tabarma:
dala arba'in, maɓallin riga, ɓarin goro,
sai kwarashina da guntayen ulu,
ragowar hulunan jarirai.
Ja kaɗan, ruwan ɗorawa kaɗan,
shuɗi bai kai kamu biyar ba.

Ba su isa hula. Ba su isa safa, ko ta ƙafa guda.
Sai teburinsa ya faɗo mini a rai:
duk inda ya aza kofin shayi, zobe ya fito,
zobe kan zobe, har bisa bangon rajista.

Wuta ta ɗauke tun bayan isha'i.
Habsu, riƙe mini wayar nan,
haska hannuna, ba fuskata ba.
Sarƙa shida, na haɗe baki.
Sha biyu a zagayen fari,
ashirin da huɗu a na biyu,
sauro na ƙirga nasa a idon sawuna.
A na huɗu lissafi ya kuɓuce mini,
don wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida
yana rantse-rantse kan canji.
Abin ya tattare, ya koma ƙoƙo.
Na warware.
Ulu dai ba ya riƙe mutum a zuci,
ka ja shi ya biyo ka, ku sake sabon zance.

Kakata Tsahara, can Tibiri,
da kaba da basilla take nata faifan.
Takan ce in cibiya ta karkace
kada ka wahal da kanka wajen gyaran baki.
Kwana bakwai take kan guda ɗaya, tana hira.
Ni ga ni ina tsere da cajin waya.

Saura ido uku ja ya ƙare.
Na cike da shuɗi. Mai dubawa zai gani.
Na ƙulle, na datse da haƙori.
Habsu ta daɗe da barci,
wayar na kan cikinta tana haska rufin kwano.

Da hantsi aka taru gindin dalbejiya.
Masu hali sun kawo shadda.
Madam Zuwera ta kawo agogon bango
ga mutumin da yau zai daina duban lokaci.
Nawa na cikin tsohon ambulan, na soke sunan wani.

Ya fiddo shi, ya auna a tafin hannu,
ya juya, ya kai shi kusa da tabarau.
Babban yatsansa ya tsaya kan shuɗin nan uku,
ya shafa, bai ce uffan ba.

Na ce, Baba, ƙarƙashin kofi ake sa shi,
saboda tebur.
Ya ce, ƴata, tebur na gwamnati ne,
yau zan bar musu abinsu.
Ƙuda ne nawa, shi zai raka ni gida.
Ya ɗora shi bisa bakin kofin, ruf,
yadda Tsahara ke rufe ƙwaryar fura.
Tururi ya riƙa leƙowa ta ramukan saƙa.

Ban samu na yi dariyar da ta zo mini ba,
aka ƙwala mini kira daga ɗakin haihuwa.
Ina wanke hannu na hango shi ta taga:
ya matsar da agogon gefe,
ya buɗe rajista, ya ja layi,
yana jiran in leƙo in ce masa
mace ko namiji.