Lissafin Masinja

Ni na jera kujerun tun kafin hantsi,
talatin da biyar, ɗaya ƙafarta uku,
na jingina ta da bango, na tokare da bulo.
Yau Gidar za ta hau sikeli,
majalisa za ta buɗe littafin shekara.

Ga takardar alkawari can a bango,
ni na manna ta da kwaɓin rogo.
Ƙuda ya yi mata ɗige, rana ta lashe jan tawada,
amma baƙin yana nan, bai gudu ba:
abu goma sha ɗaya muka ɗauka a bara.

Malam Zurmba ya gyara tabarau ya karanta:
"Rijiyar burtsatse takwas, an haƙa shida."
Aka tafa. Ni ban tafa ba, ina riƙe da tire.
Kekena ya san shidan nan ɗaya bayan ɗaya.
Huɗu na ba da ruwa,
ɗaya in an danna sai tari kamar tsoho,
ta shidan kuwa tana bayan katangar wani
da sunansa ya fi ƙarfin bakin masinja.
Takarda ba ta jin ƙishi, shi ya sa ba ta kai ƙara.

"Gadar mashigin Mayo Luti: ana kan aiki."
Ana kan aiki!
Buhun siminti arba'in damina ta mai da duwatsu,
awaki ke hawa suna shan rana a kai.
Daren da ruwa ya cika a watan takwas
Dijatu mai albasa a tsallake ta kwana,
kwana huɗu, buhu uku suka ruɓe tana kallo,
kuɗin makarantar ɗanta ya bi ruwa har Binuwai.
Wannan ba ya cikin shafi na tara.

Kada haushi ya sa in ci amanar gaskiya.
Ɗakin haihuwa an yi masa rufi, na gani,
an sa fitila mai cin hasken rana.
A nan jikata ta faɗo duniya, ƙarfe biyun dare,
ungozoma ba ta riƙe tocila da haƙori ba.
Da aka iso wannan layin na ajiye tire,
na tafa har kofi ya faɗi ya yi ƙara.

"Harajin kasuwa: saba'in cikin ɗari ya shigo."
Sai Asta Jam ta miƙe, kansilar bayan dutse,
mai ƙaramar murya, mai guntun Faransanci.
Ta kwance bakin zane, ta zazzage rasiɗai a tebur,
na masu gyaɗa, na mahauta, na matan itace.
Ta ce, "Mu ɗari muka biya cikin ɗari.
Talatin ɗin a wace kwana ya yi ɓatan kai?"
Fanka kaɗai ke magana.
Magajin gari ya sha ruwan da na kawo,
ya sake sha,
ya ce a rubuta tambayar.
Na leƙa, na ga bakin alƙalami ya taɓa takarda.
Ba amsa ba ce, na sani. Amma an fara.

La'asar sakaliya aka watse.
Aka miƙo mini sabuwar takarda,
alkawuran baɗi, har goma sha huɗu,
aka ce in ɓamɓare tsohuwar in manna wannan.
Na dama rogo, na tsaya ina duban bango.
Bangon da faɗi.
Na manna sabuwar a gefen yayarta,
kafaɗa da kafaɗa, daidai idon mai wucewa,
in ya so gadar ta ga sunanta sau biyu ta ji kunya.
Na kwashe kujeru, na adana bulo don baɗi,
na tura kekena gida da ƙafa,
don tayar baya ta sace tun safe
a ramin da littafi ya ce an cike shi bara.